Wuƙa Biyu: Ta Tumbi da Ta Ƙafa

Wani yayi ya shigo wa manyanmu. Mutum ya tara teɓa, ciwon sukari ya kama shi, sai ya hau jirgi zuwa Indiya ko Masar a rage masa tumbi.

Ba mu musun cewa aikin yana ci. Likita yakan yanke mafi yawan tumbin, ko ya karkata hanyar abinci ta tsallake farkon hanji. Daga nan sinadaran hanji sukan sauya, sukarin jini ya sauka cikin 'yan kwanaki, tun ƙibar ba ta zube ba. A binciken asibitin Cleveland na Amurka da aka bayyana a 2017, bayan shekara 5 sukarin kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka karkata wa hanji ya daidaita, na masu shan magani kaɗai kuwa kashi 5. Amma ciwon yakan dawo wa wasu, kuma wanda aka yi wa aikin ba shi rabuwa da ƙwayoyin bitamin muddin ransa.

To, me wannan ya tsinana wa manomin Bagwai? Shi da ke wuni cikin ruwan Watari yana dashen shinkafa, sau da yawa siriri ne kamar karan dawa, ga shi kuwa sukarin bai ƙyale shi ba. Ƙishirwa da yawan fitsari su dame shi, a ce sammu ne. Ƙaya ta soke shi, miki ya ƙi warkewa. Kafin a kai shi Bichi, daga can a tura shi Kano, ƙafa ta ruɓe. Shi ma wuƙar likita ce ke jiransa, amma a gwiwa.

A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cikawa ba. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 kan kowace litar lemon zaƙi. Muna tambaya: nawa daga ciki ya isa Gogori ko Rimin Dako?

Ba mu neman ɗakin tiyatar tumbi a Bagwai. Muna neman na'urar gwajin sukari a kowane asibitin sha-ka-tafi, da ƙwayar metfomin mai araha, da firiji mai aiki da hasken rana don ajiye allurar insulin. Muna kuma kira ga 'yan'uwanmu masu koyon likita a Jami'ar Bayero su ba da mako guda na hutunsu, su shiga kasuwannin ƙauye suna gwada jinin jama'a kyauta.