Idan sabis ya ɗauke, ko duwatsun kudancin Jigawa za su iya isar da saƙo?

A ƙauyuka da dama na ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu, ba sabon abu ba ne a ga mutum ya hau tudu yana ɗaga waya sama don neman sabis. Dabarar tana aiki ne saboda siginar waya a miƙe take tafiya, kuma dutse ko tudu na iya tare ta.

Wannan ƙa'ida ce ta haifar da wani wasa a Birtaniya a 2002, mai suna Summits on the Air. Masu lasisin rediyon sha'awa, wato waɗanda ke sadarwa ba don kuɗi ba, kan goya ƙaramar na'ura da batir da eriya, su hau ƙololuwar dutse su yi magana da takwarorinsu na nesa.

Lissafin a fili yake. Eriyar da ke tsayin mita 2 daga ƙasa tana hango kimanin kilomita 6 a shimfiɗaɗɗen fili. Idan aka kai ta tsayin mita 100, zangon kan kai kusan kilomita 40, ba tare da ƙarfen sabis ko katin waya ba.

Me ya sa wannan ya shafi mutumin Zandam? Saboda sadarwar karkara a yau kusan duk ta rataya ne a kan wayar salula. A watan Satumban 2021, hukumar NCC ta ba da umarnin rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. An ce mako 2 ne, amma a wasu sassan sai da aka kusa wata 3. Daga baya matakin ya shafi wasu yankunan Katsina da Sakkwato da Kaduna.

A Jigawa kuwa, damina ce babbar barazana. A watan Agustan 2021, mutum 21 sun rasu lokacin da motarsu ta faɗa wata gada da ruwa ya karya a hanyar Gwaram zuwa Basirka. A irin wannan dare, gargaɗin da ya isa da wuri na iya ceton rai. Idan kuma ruwa ya yanke hanya, kai man dizal ga janaretan ƙarfen sabis ma kan zama aiki.

Wasu ƙasashe sun ga amfanin masu wannan rediyo. Bayan guguwar Maria ta lalata hanyoyin sadarwa a tsibirin Puerto Rico a 2017, an tura 'yan sa-kai masu lasisi daga Amurka domin taimaka wa ƙungiyar Red Cross isar da saƙonni.

Sai dai akwai ƙalubale. A Najeriya, amfani da irin wannan na'ura na buƙatar lasisi daga ma'aikatar sadarwa ta tarayya, kuma sunan kiran mai lasisi kan fara da 5N. Sannan a lokacin da ake fama da masu garkuwa da mutane, matashin da aka gani a kan dutse riƙe da oba-oba zai iya faɗawa hannun 'yan banga kafin ya buɗe baki.

Don haka ba aikin mutum ɗaya ba ne. Hanya mafi aminci ita ce hukumar agajin gaggawa ta jihar ta horar da wasu malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, a sama musu lasisi, a sanar da masu unguwanni da 'yan sanda wuraren da za su riƙa hawa.

Duwatsun suna nan, kuma farashin 'yan na'urori bai kama ƙafar na gina ƙarfen sabis guda ba. Abin da ya rage shi ne a gwada tsarin da rani, tun kafin koguna su cika.