A Kai Mana Lambar 112 Sabon Birni Da Isa

Malam Edita,

Ina roƙon ka taimaka mini da ɗan fili a jaridarka mai farin jini, domin in ja hankalin hukuma da 'yan uwana manoma da 'yan tireda na yankin Gobir a kan lambar neman agajin gaggawa, wato 112.

Da yawa daga cikinmu ba su san da ita ba. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ta keɓe wannan lamba, ta kuma gina cibiyoyin amsa kira a jihohi da dama. An buɗe ta Katsina a 2019, ta Abuja a 2020. Kiran kyauta ne, ko babu kati a wayarka zai shiga. Wanda ya ɗauka zai tambaye ka abin da ya faru, sannan ya haɗa ka da 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko sibil difens, ko hukumar kiyaye haɗurra, ko motar asibiti. Ka ga an hutar da mutum neman lambar DPO cikin dare jikinsa na rawa.

To amma ga inda ƙasashen da suka ci gaba suka yi nisa. A Amurka, inda lambarsu 911 ta fara aiki tun 1968, an inganta tsarin yadda da zarar ka kira, lambarka da wurin da kake za su fito a kwamfutar mai amsawa. A Ingila da ƙasashen Turai da yawa, wayar zamani ita da kanta take gano wurinta ta tauraron ɗan adam, ta aika wa cibiyar ba tare da mai ita ya ce uffan ba. Jama'a, wa ya fi mu bukatar wannan? Ƙauyukanmu ba su da sunan titi balle lambar gida. Garuruwa nawa ne sunansu ya fara da Gidan wane ko Tungar wane? Wanda ya ɓuya cikin gero 'yan bindiga na wucewa ba ya iya kwatance, ko tari ba ya so ya yi. Matar da naƙuda ta zo wa da gardama ma haka. In wayar za ta faɗi wurin da kanta, an gama rabin aiki.

Sai dai fa 112 ba ta shiga inda babu sabis. Mun ga haka a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, da nufin toshe wa ɓarayin daji da masu kai musu rahoto hanya. Niyyar mai kyau ce, amma talaka ya fi jin jiki. Waɗanda ke kusa da iyaka suka koma layukan Nijar, su ma ɓarayin haka. A watan Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo aka kashe mutum fiye da 40, har Gwamna Aminu Waziri Tambuwal da kansa ya nemi a maido da sabis, saboda jami'an tsaro ma abin ya hana su samun labari da wuri. A ganina wannan ya isa hujja: toshe waya toshe bakin mai neman ceto ne.

Saboda haka ina kira ga NCC da gwamnatin jiha da su sa kamfanoni su gyara turakun sabis da suka lalace a yankinmu, a ba su tsaro, a kuma tabbatar kiran 112 yana nuna wurin mai kira. A sa ma'aikata masu jin Hausarmu ta Gobir, ba wanda zai ce wa tsoho ya maimaita da Turanci ba. Kuma in an amsa, a zo. Kira ba shi da amfani in motar sintiri ba ta da mai, ko ta iso bayan an gama jana'iza.

Mu ma da namu. Yara masu kiran lambar don wasa, iyaye ku tsawata musu, suna tare wa mai bukata layi. Limamai da sarakunan kasuwa su riƙa sanar da lambar ranar Juma'a da ranar kasuwa, gidan rediyon Rima kuma ya taimaka.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.

Naka,
Wani ɗan tireda,
Sabon Birni, Jihar Sakkwato.