Ku Daina Raina Tawada

Duk lokacin da aka ce a buga wa yaran Sudan littattafan hotuna na rubutun Larabci mai ado, sai ka ji wani ya ce, "Ana ta yunwa, wa ke ta zane?" Wannan magana ta ƙosassu ce, masu ganin ɗan gudun hijira ba shi da komai sai ciki.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF, makarantu suka rufe. A watan Oktoban shekarar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, Sinja a Yuni 2024. Kafin nan, rikicin 2022 ya raba dubban Hausawan jihar Blue Nile da gidajensu. Yaron da ya ga wannan, kunu zai cika masa ciki, amma zai ci gaba da firgita cikin dare.

Alƙalami yana tilasta wa hannu nutsuwa. Yaro ya ja alif a miƙe, ya lanƙwasa nun, ya ga abu ɗaya a duniya yana bin umarninsa. Ibrahim El-Salahi, babban mai zanen Sudan, ɗan malamin allo a Omdurman, da aka tsare shi a kurkukun Kober a 1975, da zane a kan guntayen takarda ya riƙe hankalinsa.

Sai dai masu kawo agaji su ma da nasu laifin. Littafin da aka zana wa yaron wata ƙasa ba zai yi wa ɗan Maiurno magana ba. Kakanninsa sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 da allo da tawada da zayyana, da rubutunsu mai ɗigon fa a ƙasa. Wannan gadon ya kamata ya gani a shafi, da ajamin harshensa.

Don haka, ya ku alarammomin Kano da masu ɗab'i, ku da hannu, su da buƙata. Ku zana, ku buga, a sa littafin cikin kayan agaji kusa da buhun dawa. Wanda ya ce wannan almubazzaranci ne, ya fara ƙwace alƙalami daga hannun ɗansa.