Guzurin Ɗalibi a Ƙasar Baƙunci

Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san tafiya ba baƙon abu ba ce gare mu. Daga birnin Daura zuwa Kwangwalam tafiyar ɗan lokaci ce a mota, kana ƙetarawa kuwa ka shiga Jamhuriyar Nijar, inda harshe ɗaya ne, dangi ɗaya, amma kuɗi daban. Ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 5 na masarautar ma sunanta Zango, watau masaukin matafiya. Saboda haka ba mu yi mamaki ba da muka ga 'yan'uwanmu ɗalibai suna ta fita neman ilmi, wasu Maraɗi da Damagaram, wasu Masar da Sudan, wasu har ƙasar Sin da Ingila. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne yawan waɗanda suke dawowa ba takardar shaida, ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba, sai don guzuri ya ƙare tun tafiya ba ta yi rabi ba.

Ya kamata mu fara da gaskiyar da ba ta da daɗin ji. A shekarar 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi, shi ya sa iyayenmu da suka yi karatu a waje a wancan zamani suke ba da labarin ɗalibi ya ci ya sha, har ya yiwo tsaraba. Tun daga 1986 naira take gangarowa. A watan Yuni na 2023, da aka sakar wa kasuwa ragamar canji, dalar da ake saye wajen naira 460 a farashin hukuma ta tashi, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce naira 1,500. Sefa kuwa ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya wajen sefa 656, don haka ɗalibin da ke Maraɗi ma bai tsira ba. Ma'anar wannan a gida ita ce, uban da a da yake sayar da sa ɗaya a kasuwar Mai'aduwa ya biya wa ɗansa kuɗin shekara, sai ya wayi gari sa ɗaya bai isa ba.

Kada kuma wani ya ce ai shi gwamnati ce ta tura shi. A 2024 an rage wa ɗaliban da Gwamnatin Tarayya ta tura ƙasashe irin su Rasha da Maroko kuɗin guzurinsu na wata daga dalar Amurka 500 zuwa 220, bayan sun yi watanni suna jiran abin da suke bi. A cikin wannan shekarar ne kuma aka umurci wasu ɗaliban Nijeriya da ke wata jami'a a arewacin Ingila su bar ƙasar, domin sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To, ina mafita? A ganinmu ba sai mun je nesa neman darasi ba, kakanninmu fatake sun riga sun bar mana shi. Mutanen da suka riƙa kora jakuna daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, su kai kanwa da fata da tufafi, su komo da goro, sun yi watanni a ƙasashen da ba su da uwa ba su da uba, kuma suka dawo da riba. Ba su tafiya sai cikin ayari ƙarƙashin madugu. In sun isa gari ba su kama masauki barkatai, sai su sauka a zango wurin maigidan da ya san gari, ya san farashi. Kafin su bar gida kuwa sun riga sun lissafa abin da za su ci a hanya, sun ware na komowa.

Darasi na farko ke nan: ɗalibi ya yi lissafinsa da kuɗin ƙasar da ya sauka. Wanda yake Nijar ya koyi ƙirgen dala da jaka tun ranar farko, ya san dala ɗaya sefa 5 ce, jaka kuwa sefa 1,000, don kada a ce masa dala ashirin ya tsaya yana zare ido. Ranar da kuɗi suka iso daga gida, a fara cire na haya da na makaranta, a raba sauran bisa makonnin da za a yi kafin wani aike, sa'an nan a ɓoye wani abu da ba za a taɓa ba sai ranar tsanani. Ranar tsanani kuwa tana zuwa ba sallama. Ɗalibanmu da yaƙi ya rutsa da su a Hartum a watan Afrilun 2023 sun yi kwanaki a bakin iyakar Masar kafin a kwaso su, waɗanda suke Nijar kuma sun ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris ɗin 2024. A irin wannan rana ɗan abin da ke ƙulle a bakin zane ya fi alkawarin aike daraja.

Na biyu, haya da ciki su ne manyan ramukan da kuɗin baƙo ke zurarewa. Mutum uku ko huɗu da suka haɗu suka kama ɗaki, suka sa tukunya ɗaya, suka sayi shinkafa da mai a sari, za su kashe ƙasa da abin da kowannensu zai kashe shi kaɗai. Abincin talakawan gari shi ne mai araha a ko'ina: a Alƙahira wake da gurasa, a Maraɗi fura da dambu irin na gida. Wanda ya dage sai ya ci abin da aka yi dakonsa daga wata ƙasa, lalle zai biya har da kuɗin dakon. Garin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji ba su da nauyi a jaka, suna kuma ɗaukar watanni, amma a tuna ƙasashen Turai ba su yarda a shiga musu da nama, kada a yi asarar kilishi a filin jirgi.

Na uku, a kiyayi ƙarya. Mun lura da yawa daga cikinmu ba yunwa ce take karya su ba, kunyar a ce su talakawa ne take karya su. Sai ka ga yaron da aka sayar da amfanin gona aka tura shi, ya sayi waya mai tsada, ya ɗinka sutura, yana ɗora hotuna a Facebook don 'yan unguwa su ce ya haye. Daga nan sai bashi, daga bashi sai neman aikin da doka ta hana. A Ingila, alal misali, ɗalibin jami'a baƙo ba shi da izinin aikin da ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu, wanda ya ƙetare kuwa yana iya rasa takardar zamansa ɗungum. Daidai ruwa daidai tsaki. Babu abin kunya ga baƙon da ya hau motar haya ko ya sa riga ɗaya sau biyu. Abin kunya shi ne ya dawo hannu rabbana.

Iyaye ma suna da nasu. Kafin a sa yaro a mota a zauna a yi lissafin dukan shekarun karatun, a ƙara da abin da faɗuwar naira za ta iya jawowa, a kuma tabbata hukumomin ilmi na Nijeriya sun amince da makarantar. In lissafi bai fita ba, babu laifi a tsaya gida: akwai jami'o'i a Katsina da Dutsinma, a Daura kanta ma akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Gwamnatin Jihar Katsina, wadda tun daga 2023 ta tura ɗalibai Masar da Sin, muna roƙonta ta riƙa biyan guzuri a kan kari, kuma da kuɗin ƙasar da ɗalibi yake zaune, don kada canji ya cinye rabi a hanya.

A ƙarshe muna kira ga ƙungiyoyin ɗaliban ƙasar Daura, na gida da na waje, su zama su ne zangon wannan zamani. A kowane gari da muke da mutane a sami wanda zai tari sabon zuwa, ya nuna masa unguwa mai sauƙin haya da kasuwa mai rahusa, a kuma kafa ɗan asusun taimakon juna, kowa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa. Kuɗin da ke aljihun ɗalibi a ƙasar baƙunci gumin mutanen Baure da Sandamu da Zango ne, amana ce aka danƙa masa. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, Ya komo da matafiyanmu gida lafiya da abin da suka je nema, amin.