Daga Birnin Kebbi Zuwa Abuja: Ina Rabon Fadama?

Duk wanda ya bi tarihin siyasar Jihar Kebbi zai ga wani abin lura game da kujerar Majalisar Dattawa ta Kebbi ta Tsakiya. Tun daga shekarar 2007 mutum biyu ne kaɗai suke karɓa-karɓa a kanta, watau Alhaji Muhammadu Adamu Aliero da Alhaji Abubakar Atiku Bagudu. Dukansu biyu sun yi gwamna na shekara takwas-takwas, dukansu kuma sun riƙe muƙamin minista a Gwamnatin Tarayya.

Alhaji Adamu Aliero ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, daga nan ya wuce majalisa. A ƙarshen 2008 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa shi Ministan Birnin Tarayya, sai Alhaji Atiku Bagudu ya gaje kujerarsa a zaɓen cike gurbi na 2009. A 2015 kuwa sai aka yi musaya: Bagudu ya shiga gidan gwamnati a Birnin Kebbi, Aliero ya koma majalisa. Da wa'adin Bagudu ya kusa cika, ya nemi tsohuwar kujerarsa a zaɓen 2023, amma jama'a suka ba Aliero ƙuri'unsu. Watanni kaɗan bayan haka, a Agusta 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba Bagudu Ma'aikatar Kasafin Kuɗi da Tsare-tsaren Tattalin Arziki.

Wannan kai-da-kawowa tsakanin jiha da tarayya ba aibu ba ce a kanta. Lalle ma tana da amfani, gama wanda ya taɓa biyan albashin malaman makaranta da guntun abin da tarayya ta aiko ya fi kowa sanin inda kasafi yake ciwo. Amma ba a auna ɗan siyasa da yawan ofisoshin da ya zauna. Ma'auninsa shi ne abin da ya rage a hannun talaka bayan an sauke tuta daga mota. A Kebbi kuwa, ma'aunin nan yana fadamar Gulbin Rima, inda shinkafa da kifi suke riƙe da gidaje daga Argungu har Birnin Kebbi.

A zamanin mulkin Bagudu an ga abin da haɗa hannun jiha da tarayya yake iya haifarwa. A Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya, wanda ya ba su iri da taki da kuɗin aiki, su biya bayan girbi. A 2016 Kebbi da Legas suka ƙulla yarjejeniya, aka fito da shinkafar da aka yi wa suna LAKE Rice, daga farkon sunayen jihohin biyu. A 2017 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. A Maris 2020 kuma aka sake faɗawa Matan Fada, bayan bikin kamun kifi na Argungu ya yi shekara goma ba a yi shi ba. Babu mai adalcin da zai ce waɗannan ba aiki ba ne.

Sai dai kuma ruwa ba ya tsami banza. A daminar 2020 ambaliya ta cinye dubban kadada na shinkafa a fadamun jihar, manoman da suka ci bashi suka wayi gari ba amfanin gona, ga kuma rance a wuya. Da yawa daga cikin basussukan shirin ba a biya su ba, kuma da aka sami sabon shugabanci a Babban Banki a 2023, bankin ya janye hannunsa daga irin wannan rance. Legas ta gina tata masana'antar casa a Imota. Ashe ginin da aka yi, an ɗora shi ne bisa zumuncin gwamna da shugaban ƙasa, ba bisa doka ko tsarin da zai rayu bayan masu shi sun sauka ba.

A nan ne alhakin waɗannan manya yake. Manomin Argungu ba ya bukatar a sake ƙaddamar masa da wani shiri mai sabon suna. Abin da yake bukata sananne ne: hanyoyin ban ruwa domin noman rani, inshorar amfanin gona wadda take biya idan gulbi ya cika ya batse, gargaɗi a kan lokaci kafin a saki ruwan madatsun Goronyo da Bakolori, da hanyar mota wadda za ta fitar da buhu daga fadama zuwa kasuwa. Dukan waɗannan sai da kasafin tarayya da amincewar Majalisar Dattawa, watau wurare biyun da 'ya'yan Kebbi suka daɗe suna zaune.

A 2025 sanatocin jihar guda uku, har da Aliero da Dakta Yahaya Abdullahi na Kebbi ta Arewa, suka bar PDP suka koma APC. Da haka uzurin bambancin jam'iyya ya faɗi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Jama'ar Kebbi ta Tsakiya sun riga sun nuna a 2023 cewa ƙuri'arsu tana iya tsayar da gwamna mai ci. Ya kamata su riƙe wannan ƙarfi. Duk wanda ya dawo daga Abuja neman ƙuri'a, a yi masa maraba kamar yadda al'ada ta tanada, sa'an nan a roƙe shi ya taka zuwa fadama ya nuna abin da ya kawo.