A Rage Reshe, A Bar Inuwa

Wanda ya bi lungunan Birnin Kebbi da Argungu cikin watan Afrilu zai ga dogon yaro an yi masa aski ƙwal-kwabo, sai kututture. Mu dai a ganinmu ɓarna ce, domin lokacin ne rana ta fi ƙuna, tsofaffi da yara kuwa ba su da mafaka sai inuwa.

A jira hadari ya fara haɗuwa, sa'an nan a rage rassan da suka hau kan soro, kada iskar farkon damina ta karya su. Mangwaro sai an gama cin 'ya'yansa. Zogale a datse shi daidai ƙirji. A yanke a karkace, kada ruwa ya kwanta wurin ya ruɓe.

Wanda ya dasa sadaka ya bar mana, kada mu mai da ita itacen girki.