Makonni goma da suka karya kasuwar jirgin Comet

A ranar 2 ga watan Mayu, 1952, kamfanin jiragen saman Ingila, wato BOAC, ya fara jigilar fasinja da jirgin jet na fasinja na farko a duniya, mai suna Comet, daga Landan zuwa Johannasbag. Kamfanin de Havilland da ya ƙera shi ya sha gaban takwarorinsa na Amurka da shekaru, kuma kamfanonin sufuri na ƙasashe da dama sun yi layin saye.

Ranar 10 ga Janairu, 1954, wani Comet da ya tashi daga birnin Rum ya tarwatse a sararin sama kusa da tsibirin Elba, mutane 35 suka halaka. Aka dakatar da jiragen, aka yi musu gyare-gyare masu yawa bisa zato, sannan a ranar 23 ga Maris aka mayar da su bakin aiki, alhali ba a gano musabbabin haɗarin ba. Ranar 8 ga Afrilu wani ya sake tarwatsewa a kan teku kusa da Naples, mutane 21 suka rasu.

A ganina, shawarar nan ta watan Maris ita ce ta fi cancantar nazarin 'yan kasuwa. Masu kare ta suna cewa jirgin da ke ajiye asara yake jawowa kullum, ga albashin ma'aikata, ga tsoron kada abokan gasa su cim musu. Wannan gaskiya ne, amma lissafin bai cika ba. Asarar ajiye jirgi ana iya rubuta ta a littafin akanta, shi ya sa ta yi nauyi a teburin shawara. Asarar amincewar jama'a kuwa ba ta da shafi a littafin, sai aka ɗauke ta kamar babu.

Bayan haɗari na biyu ne aka yi abin da ya kamata. A cibiyar bincike ta Farnborough aka nutsar da gangar jikin wani Comet cikin ƙatuwar tankin ruwa, ana ƙara matsi ana ragewa kamar yadda yake faruwa a kowane tashi da sauka. Bayan kwatankwacin tashi 3,000 sai jikin ya tsage. Ashe ƙarfen ne yake gajiya, tsagar kuma tana farawa daga kusurwoyin tagogi da sauran kafofin da aka yanka a jiki.

Sakamakon binciken ya fito fili, kowa ya karanta, har da injiniyoyin Amurka, waɗanda suka sami darasin a araha. Sai a watan Oktoba na 1958 sabon Comet 4 ya fara ƙetare tekun Atilantika da fasinja, kuma a cikin watan ne Boeing 707, wanda ya fi shi girma, ya shigo kasuwa. Jimillar Comet da aka ƙera ba ta wuce 114 ba, yayin da Boeing ya sayar da 707 fiye da 800.